Ɗakin Karatun Jami'a da Buƙatun Mai Binciken Doktora: Misali daga Fagen Nazarin Hausa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake kare kundin doktora ya san akwai wata tambaya da ɗalibi ya fi jin tsoro. Bayan ya gama bayaninsa, sai ɗaya daga cikin malaman da ke alƙalanci ya ɗaga kai ya ce masa: "Shin ka karanta aikin wane a kan wannan batu?" Idan amsar ita ce a'a, kuma aikin nan ya riga ya faɗi abin da ɗalibin yake zaton shi ne ya fara gano shi, to wahalar shekara uku ko huɗu ta raunana a cikin ɗan lokaci. Sau da yawa ba ƙwazo ne ya gaza ba. Wataƙila aikin yana wata ƙasa, ko an rubuta shi da wani harshe, ko kuwa yana nan kusa a cikin kabad amma babu wata takarda da ta nuna yana nan.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ɗakin karatun jami'a yake taimakon mai binciken doktora don kada ya faɗa cikin wannan hali. Mun ɗauki misalanmu daga fagen nazarin harshen Hausa da tarihin Hausawa, domin shi ne fagen da masu karanta wannan mujalla suka fi sani, kuma domin a cikinsa ne matsalar ta fi fitowa fili. Abin da muke son nunawa shi ne, ga mai doktora, darajar ɗakin karatu tana ga iya sada shi da abin da yake nema ko ina yake, fiye da yawan littattafan da aka jera a kan katako. A nan za mu riƙa kiran mai kula da ɗakin karatu da sunan ma'ajin littattafai, jerin sunayen abin da ke cikin ɗakin kuwa mu kira shi fihirisa.

2. Bambancin buƙatar mai doktora da ta sauran ɗalibai

A tsarin karatun da jami'o'inmu suke bi, ɗalibi yakan yi shekara 3 a matakin lisans, shekara 2 a matakin masta, sa'an nan shekara 3 a matakin doktora. Ɗalibin lisans yana neman littafin da ya ƙunshi amsar tambayar da malami ya yi masa. Idan ɗakin karatu ya tanadi kwafi goma ko ashirin na littafin darasi, ya biya masa buƙata. Mai doktora kuwa tambayarsa ba ta da amsa a cikin kowane littafi, don da tana da ita da babu dalilin binciken. Saboda haka buƙatarsa ta kasu kashi uku, bisa ga matakan aikinsa.

Da fari, yana buƙatar sanin dukan abin da aka riga aka rubuta a kan batunsa, har da kundayen da ba a buga ba da ƙasidun tarurruka. Kwafi ɗaya ya ishe shi, amma ba ya son ko ɗaya ya kuɓuce masa. Na biyu, yana buƙatar kayan asali, wato rubuce-rubucen hannu, da takardun mulki, da tsofaffin jaridu, da maganganun da aka naɗa a kaset. Na uku, idan ya zo ƙarshe, yana buƙatar tantance kowace madogara da ya ambata, shafi da shekara, da kuma wurin da za a ajiye kundinsa inda na baya za su same shi. Ga kuma lokaci yana ƙure shi, domin kuɗin tallafin karatu ba ya jiran wanda littafi ya yi wa nisa.

3. Inda kayan binciken Hausa suke

Kafin a fahimci aikin ma'ajin littattafai, ya kamata a san yadda tarihi ya warwatsa kayan wannan fage. An rubuta su da harsuna aƙalla biyar: Larabci, Hausa (da ajami da boko), Jamusanci, Ingilishi da Faransanci.

Heinrich Barth, wanda ya ratsa Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa da Katsina da Kano a 1851, ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya buga labarin tafiyarsa da Jamusanci da Ingilishi a 1857 da 1858. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Mischlich ya buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya yi aikin shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, ya tattara labaran sarautun wannan yanki namu, ya kuma fitar da nahawu da ƙamus da Faransanci tare da Tilho. Babban ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949. Wanda ya iya harshe ɗaya kawai daga cikin waɗannan, rabin gonar ma bai gani ba.

Haka kuma takardun mulkin mallaka. Nijar tana cikin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda hedkwatarta take Dakar. Don haka rahotannin da gwamnan ƙasar ya riƙa aikawa, tun fadar mulki tana Damagaram har bayan an mai da ita Yamai a 1926, da yawansu suna ma'adanar takardun Senegal. Takardun ma'aikatar mulkin mallaka suna garin Aix-en-Provence a Faransa, inda aka buɗe ma'adana ta musamman a 1966. Waɗansu kuma suna ma'adanar takardun ƙasa a Yamai. Amma mai binciken tarihin Gobir ko Katsinar Maraɗi ba zai tsaya nan ba, domin ɗaya gefen labarin yana ma'adanar takardu ta Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a can a 1970, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ma'adanar Waziri Junaidu a Sakkwato. Iyakar da aka shata ta raba takardu kamar yadda ta raba dangi.

A gida kuwa muna da taskoki biyu masu daraja. Ta farko ita ce Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam, wato IRSH, wadda asalinta reshen cibiyar IFAN ne da aka buɗe a Yamai a 1944, aka kuma haɗa ta da jami'a a 1974. A sashenta na rubutun Larabci da ajami akwai rubuce-rubucen hannu kimanin 4000, waɗanda Boubou Hama ne ya aza tubalin tattara su. Ta biyu ita ce cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka da nazarin harsuna, ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Babu wani ɗakin karatu a duniya da ya mallaki dukan waɗannan kaya, kuma ba za a taɓa samunsa ba. Daga nan ne aikin ɗakin karatun jami'a ya samo asali.

4. Ayyukan da ɗakin karatu ke yi wa mai doktora

(a) Fihirisa da jagora

Littafin da ba ya cikin fihirisa daidai yake da wanda ya ɓata. A da, akan rubuta wa kowane littafi kati, a jera katunan bisa sunan mawallafi da kuma bisa batu. Yanzu wannan aiki ya koma cikin kwamfuta, amma wahalarsa tana nan, kuma ga misali.

A ce ɗalibi daga Tawa ya ɗauki karin harshen Adar a matsayin batunsa. Ya rubuta kalmar "Adar" a wurin nema, sai ya sami littafin Djibo Hamani na 1975 a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Amma ba zai ga aikin Nicole Echard na wannan shekara a kan manoman yankin ba, ba kuma zai ga littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar yankin ba, wanda shi ne ya fi shafar batunsa, domin su biyun "Ader" suka rubuta. Sunan harshen kansa ana samunsa da siffa huɗu: Hausa, Haoussa, Haussa da Hawsa. Damagaram tana ɓoye a ƙarƙashin Zinder, Tawa a ƙarƙashin Tahoua. Sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da rubutun Faransanci, da na Ingilishi, da na masu bin ƙa'idar Larabci. Ga kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda wani fihirisa yake sa su, wani ya yar da su. Ita ma ƙa'idar rubutun Hausa ta sauya daga taron Bamako na 1966 zuwa taron daidaitawa na Yamai na 1980, har kalma ɗaya ta kasance da rubutu biyu ko uku a littattafan ƙasa ɗaya.

Ma'ajin littattafai ƙwararre yakan haɗa waɗannan siffofi a ƙarƙashin suna ɗaya, ta yadda duk wadda aka nema za ta kai mutum ga sauran. Yakan kuma nuna wa ɗalibi littattafan da aikinsu shi ne lissafa littattafai, irin su jerin Sergio Baldi na 1977 da na Paul Newman na 1996 a kan Hausa da harsunan Cadi, da mujalladin John Hunwick na 1995 a kan rubuce-rubucen Larabci na tsakiyar Sudan, da fihirisar rubutun hannu na IRSH da gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta fara bugawa a 2004. Zaman sa'a ɗaya da irin wannan ma'aikaci a watan farko na bincike yakan rage wa ɗalibi yawon wata shida. Da ɗan gari akan ci gari.

(b) Mujallu

Sabon ilimi a mujalla yake fara fitowa, sai daga baya ya shiga littafi. Amma mujallun ƙasashen waje da kuɗin waje ake biyan su, kowace shekara. Sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashin duk abin da ake sayowa daga waje ya ninka a dare ɗaya, har da littafi da mujalla. Irin wannan ne yake sa a ga jerin mujalla a kan katako ya tafi daidai shekara da shekaru, sa'an nan ya yanke.

Intanet ta rage wannan ciwo ta hanya biyu. Ta farko ita ce shirye-shiryen da ke bai wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu kyauta ko da rangwame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin HINARI a 2002, hukumar abinci da noma ta bi da AGORA a 2003, daga baya aka haɗa su da waɗansu a ƙarƙashin sunan Research4Life. Ma'adanar JSTOR, wadda ta ƙunshi tsofaffin mujallun tarihi da harshe, ta yafe wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga a 2006. Abin lura a nan shi ne, ba ɗalibi ne yake yin rajista a waɗannan shirye-shirye ba. Jami'a ce take yi, ta hannun ɗakin karatunta. Idan ba a cika takardun ba, ko an cika amma ba a sanar da ɗalibai ba, to ƙofa tana buɗe amma babu mai shiga.

Hanya ta biyu ita ce ma'adanan da kowa zai iya shiga. Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa, wadda aka buɗe a 1997, tana da tsofaffin littattafai da mujallun zamanin mulkin mallaka. Persée tana da tsofaffin fitowar mujallun nazarin Afirka na Faransanci. AJOL, tun 1998, tana tattara mujallun da ake bugawa a Afirka. A nan aikin ma'aji shi ne koya wa ɗalibi rarrabe tsaba da tsakuwa, musamman da yake makarantun doktora da yawa suna shar'anta buga maƙala kafin kare kundi, ga kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu ba tare da masana sun duba shi ba. Maƙalar da ta fita a irin waɗannan ba ta ƙara wa mai ita daraja.

(c) Aro da kwafi

Abin da ɗakin karatu bai mallaka ba, yana iya aro ko neman kwafinsa daga wani. Wannan tsohuwar al'ada ce tsakanin jami'o'i, kuma fagenmu ya ci moriyarta. A 1964 aka kafa cibiyar tattara rubutun Larabci a Jami'ar Ibadan da kuma shirin binciken tarihin Arewa a Zariya. Dukansu sun riƙa aron littattafai daga hannun malamai, su ɗauki hotonsu, su mayar wa masu su. Murray Last, wanda ya kare kundinsa a Ibadan a 1964 a kan daular Sakkwato, ya dogara ƙwarai da littattafan gidan Waziri Junaidu. Darasin da ke cikin wannan shi ne, mafi yawan rubutun hannu yana gidajen malamai har yau, kuma mai littafi ya fi sakin jiki da cibiyar da ya san za ta dawo masa da kayansa fiye da baƙon ɗalibi.

A ƙasarmu buƙatar aro ta ƙaru tun da jami'o'i suka yawaita. Jami'ar Yamai ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi. Sabuwar jami'a tana iya gina ɗaki ta sayi sababbin littattafai, amma ba za ta iya sayen littafin André Salifou na 1971 a kan daular Damagaram a kasuwa yadda take sayen littafin darasi ba. Ga shi tsakanin Damagaram da Yamai akwai tafiyar kilomita kimanin 900. Hoton shafi talatin da aka aika ta intanet ya fi sauƙi bisa ga ɗalibi ya yi wannan tafiya, amma sai in akwai yarjejeniya tsakanin ɗakunan biyu da ma'aikacin da aka ɗora wa aikin.

(d) Tsaron kayan asali

Takarda tana da abokan gaba a wannan yanki: gara, da ƙurar hunturu, da zafin bazara da ke sa ta bushe ta riƙa karyewa, da yoyon damina. Kaset ma yakan lalace, na'urar sauraronsa kuma tana ƙara wuya. Waƙar makaɗi ko labarin tsohon da aka naɗa a shekarun 1970, idan kaset ɗin ya mutu, babu inda za a sake samunsu. Ɗaukar hoton takardu da juyar da kaset zuwa kwamfuta yana ba ɗalibi damar yin aiki da kwafi, a bar na asali ya huta. Sai dai kwafin da ba a rubuta masa bayani ba, wato wanda ya yi magana, da garin, da ranar, da wanda ya naɗa, amfaninsa kaɗan ne ga mai nazarin karin harshe.

(e) Wurin zama da horo

Kada a raina wannan. Yawancin masu doktora a wurinmu ma'aikata ne masu iyali, waɗansu malaman makaranta ne. Tebur a wuri mai shiru, da wutar lantarki, da ɗaki mai buɗewa har bayan la'asar da ranar Asabar, da izinin riƙe littafi wata ɗaya maimakon mako ɗaya, duk taimako ne na gaske. Haka nan horo a kan tsara madogara, ko da hannu ko da manhaja irin Zotero, da bayyana wa ɗalibi iyakar da ke tsakanin ambaton maganar wani da satar ta.

5. Makomar kundi

Mun zo ga ɓangaren da aka fi sakaci da shi. Mai doktora ya shigo ɗakin karatu yana mai nema, ya kamata ya fita yana mai bayarwa. Kundinsa shi ne abin da ɗalibi na gaba zai fi buƙata, domin a cikinsa akwai jerin madogara da aka riga aka tace, da bayanin abin da ya rage ba a bincika ba. Amma sau nawa kundi yake ƙarewa a kwafi biyar ko shida da aka raba wa alƙalai, ɗaya kuma a ofishin sashe, inda ba fihirisa ba mai tsaro? Bayan shekara goma sai wani ɗalibi a wata jami'a ya sake nome gonar da aka riga aka nome.

A Faransa, shafin theses.fr da aka buɗe a 2011 yana lissafa kundayen da aka kare a ƙasar tun 1985, kuma dokar 2016 ta wajabta ajiye kowane kundi ta hanyar kwamfuta. Sakamakon haka, ɗalibin da ke Maraɗi yana iya sanin abin da ɗan Nijar ya rubuta a Paris ko Bordeaux cikin sauƙi fiye da abin da aka rubuta a jami'ar da ke maƙwabtaka da shi. Majalisar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a nan Yamai a 1968, ta buɗe ma'adana mai suna DICAMES domin kundayen ƙasashen da ke cikinta. Amma ma'adana ba ta cika kanta. Sai ɗakin karatun kowace jami'a ya karɓi kundi, ya rubuta bayaninsa, ya sa shi a ciki.

Ga masu nazarin Hausa akwai ƙarin magana. A jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato an daɗe ana rubuta kundaye da harshen Hausa, a wurinmu kuwa da Faransanci aka fi rubutawa. Kowane gefe yana aiki a kan harshe ɗaya, amma ba kasafai yake ganin aikin ɗan'uwansa ba. Da kowane kundi zai ɗauki taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa, tare da kalmomin nema da Hausa, da an sami gadar da ba ta buƙatar fassara.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa taimakon da ɗakin karatu ke yi wa mai doktora ya rataya ne a kan ma'aikaci mai horo da kuma haɗin kai tsakanin cibiyoyi, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi mai yawa. Muna ba da shawara huɗu. Ta farko, kowace makarantar doktora ta sa ganawa da ma'ajin littattafai cikin sharuɗɗan shekarar farko, kafin a amince da batun bincike. Ta biyu, jami'o'in ƙasar da IRSH su yi fihirisa ɗaya na tarayya, su fara da kundaye da mujallu, tare da daidaita rubutun sunayen garuruwa da na mutane. Ta uku, kada a ba ɗalibi takardar shaidar doktora sai ya kawo shaidar cewa ya ajiye gyararren kundinsa a ɗakin karatu, na takarda da na kwamfuta. Ta huɗu, a nemi yarjejeniyar musayar kwafi da jami'o'in arewacin Nijeriya, tun da rabin kayan aikinmu yana wurinsu, rabin nasu kuma yana wurinmu.

Shi kuma ɗalibi, nasa aikin shi ne ya je da wuri, ya faɗi batunsa dalla-dalla, ya yi tambaya ba tare da jin kunya ba, domin matambayi ba ya ɓata. Tambayar da alƙali zai yi masa ranar kare kundi, gara ya ji ta daga bakin ma'ajin littattafai tun yana da sauran shekara uku a gabansa.